Daga dangwalen yatsa zuwa rajistar bindiga: a hannun wa littafin yake?

Ranar da na raka innata rajistar katin ɗan ƙasa, sau shida na'ura tana ƙin karɓar yatsunta. Mace ce da ta haura shekara hamsin tana surfe da daka da wanke-wanke, zanen yatsun ya shafe kamar tsohon kwabo, ga lalle bai gama sakin hannun ba. Yaron da ke gaban kwamfuta ya ce, "Inna, ɗan goga yatsan a goshinki ya sami maiƙo." Ta goga, ta ɗora a kan gilashin nan mai koren haske, ya sa hannu ya danne mata, da ƙyar aka samu ya shiga. Muna bakin titi muna jiran mai babur sai ta ɗaga babban yatsanta tana kallo, ta ce, "Yanzu wannan da suka ɗauka, ina za a kai shi?" Na ce Abuja. Ta ce, "A hannun wa?" Na yi dariya na kawar da zancen, alhali duk cikinmu da muka yi layi a ranar babu wanda ya yi tambayar da ta kai tata.

Cikin shekara goma sha biyar ɗin nan, mutumin karkara a Kano ko Jigawa ya dangwala yatsa har ya gaji. Ya dangwala a rajistar masu zaɓe ta 2011, zamanin Farfesa Attahiru Jega, lokacin da aka bi rumfa-rumfa da kwamfuta da kyamara. A shekarar ce kuma aka ce kowane layin waya sai an yi masa rajista da hoto da yatsa. A 2014 Babban Banki ya kawo BVN, lambar tantance masu asusun banki. Hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, tun 2007 aka kafa ta, amma ba ta ga cinkoso ba sai a Disambar 2020, da ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ce a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN ko a rufe shi, kuma a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira. Maniyyaci sai ya dangwala kafin ya riƙe fasfo, ɗalibi ba ya zana JAMB sai da NIN tun 2021, a zaɓen 2023 kuma inda yatsa ya ƙi sai na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta duba fuska. Kowanne da hujjarsa, kuma hujjojin ba na banza ba ne. Da BVN gwamnatin tarayya ta zaƙulo ma'aikatan bogi sama da 23,000 a farkon 2016, kuma wanda ya san yadda ake cika akwatin zaɓe a ɗaki a da, ba zai raina na'urar tantancewa ba.

Sai dai a da kowane ofishi da littafinsa, wannan bai san abin da ke cikin na wancan ba. Yanzu an ɗinke su. Lamba ɗaya mai alƙaluma 11 ita ke riƙe da layinka, layinka na riƙe da asusunka, asusunka na riƙe da abin da ka saya da wanda ka tura wa kuɗi, wayar da ke aljihunka kuma duk turken sabis ɗin da ka wuce sai ta gaya masa ga ka nan. Wanda ya sami bakin zaren ya sami sauran. In ɓarawo ya sace mabuɗin rumbu, sai ka sayi wani kwaɗon ranar kasuwa. Yatsa da fuska kuwa da su za a kai mutum kabari.

Wani zai ce, shi mutumin ƙauye wane sirri gare shi? Kowa ya san damin da ya ɗaure bana, an san akuyar da ya sayar, an san ranar da matarsa ta yi yaji da wanda ya je biko. Haka ne. Amma sanin ƙauye yana da zaure. Baƙo a nan yake tsayawa ya yi sallama, ba ya zarcewa cikin gida don kawai ya san hanya. Wanda ya san asirinka kai ma ka san nasa, in ya tona ka kuma gobe za ku haɗu a sahun Asuba, ko wurin suna, ko a maƙabarta, kunya ta isa ta ɗaure masa baki. Ga shi ƙauye yana mantuwa; bashin da ka ci shekarar fari, in ka biya, bayan damina biyu an daina zancensa. Shi ya sa abin da Bahaushe ke roƙo safe da yamma shi ne rufin asiri, tun kafin ya roƙi dukiya. Addini ma a nan ya tsaya: Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini. Sabon littafin nan ba shi da zaure. Yana ganinka, kai ba ka ganin mai duba shi, ba ya jin kunyar kowa, kuma ba ya mantuwa.

Tsoron a rubuta suna ma gadonsa muka yi. Dattawanmu sun san cewa in malamin haraji ya zauna a ƙofar gidan dagaci da littafi, abin da ke biyo baya karɓa ce. Bafulatani kan kora rabin garke cikin daji kafin masu jangali su iso. Marigayi Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kano a 1979, amma bai soke abin da suka bari a zukata ba. Aka zo aka ƙara da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, wanda ya ba masu ƙin rigakafin shan inna na 2003 abin kafa hujja. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To a wannan karon ba tsumma ba ne. A 2024 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative mai kare haƙƙin masu amfani da intanet suka bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na duk wanda ka ga dama, wani a kan naira 100 kacal. Don su nuna abin ba wasa ba ne, sai suka sayi na ministan sadarwa da kansa, Bosun Tijani. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba, kuma ta gargaɗi jama'a game da shafukan. Ko da mun karɓi wannan, ai sai abin ya fi tayar da hankali: ba a haura katanga ba, amma kaya na kasuwa, ke nan ta ƙofa suka fita, ta hannun waɗanda aka ba izinin tantance mutane da waɗanda suka raɓe su.

Mu a nan ma ba sai an je intanet ba. Samari biyu suka sauka ƙauyenmu a kan babur, da jaka da riguna masu tambari, suka ce sunayen masu tallafi suke ɗauka. Mata suka fito da takardun NIN daga cikin kwalla da ƙarƙashin katifa, a naɗe cikin leda. Aka ɗauki hoton takarda, aka ɗauki hoton fuska, aka ce kowace ta ƙifta ido ta juya kai, aka miƙa mata naira dubu biyu wai kafin alƙalami. Suka yi ta sa musu albarka. Tallafi har yau shiru. A 2025 hukumar EFCC ta ce akwai matasa kimanin 12,000 a faɗin ƙasa da sana'arsu ke nan: su sayi NIN da BVN a hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan 5,000, a buɗe asusu da su. Ranar da kuɗin damfara ko na fansa suka bi ta irin wannan asusun, sunan da kwamfuta za ta fitar na tsohuwar da ko harafi ba ta sani ba ne, da hotonta, da sunan garinsu. Haka zancen layin waya yake. An ce in aka haɗa layi da NIN mai garkuwa da mutane ba zai iya kira ba, ga shi har yau da waya ake cinikin fansa, da layukan da aka yi wa rajista da sunan bayin Allah, ko wayar wanda aka sace. Shi kansa Pantami ya fito a farkon 2024 yana kukan cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Mai gaskiya an rubuta shi tsaf, marar gaskiya ya ari sunan mai gaskiya.

Ɓangaren ciniki shi ne wanda ba a cika lura da shi ba, don babu wanda ya ce ka yi layi. Canjin kuɗin farkon 2023 ne ya tura dillalan shanu na Wudil da Maigatari da masu awon hatsi ga tiransifa, da yawansu ba su koma ba. Sauƙi ne, ba a bin hanya da damin kuɗi a cikin wando. Amma a da in ka sayar da sa, kai da dillali da mai saye kuka sani. Yanzu yaron POS ya sani, ya ga alat ɗin, ya ga saura nawa, wani lokacin ma shi ke riƙe da katinka da lambar sirrinka don kai ba ka iya dannawa. Mafi yawansu yaran kirki ne masu neman halak, amma da ɗan gari akan ci gari, kuma kalmar infoma ba daga sama ta faɗo cikin Hausa ba. Sama da yaron POS akwai manhajojin bashi, waɗanda kafin su ba ka dubu goma sai sun kwashe duk lambobin da ke wayarka, ranar da ka makara su aika wa surukinka da limamin unguwarku saƙo cewa kai ɓarawo ne. Sai a 2022 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, a 2023 kuma Google ya hana irinsu leƙa lambobi da hotunan mutane. Sama da su duka akwai Meta, mai Facebook da WhatsApp, da hukumar FCCPC ta ci tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 saboda yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba. Manhajar da ba ka biya ko sisi ba, da labarinka kake biya.

Inda maganar ta fi tsini shi ne bindiga. Baffana maharbi ne, gado ya yi. Bindigarsa ta toka ce, maƙeri ya ƙera ta tun ban san kaina ba, ba lamba ba tambari. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a tura tsumma, a danna da ƙarfe, harbi ɗaya sai an sake ɗuri. Zomo da zabon daji take ci, ranar hawan sallah kuma a buga ta a gaban hakimi yara su toshe kunne. Tun da ɓarayin daji suka fara tsallakowa daga Katsina suna taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, irin waɗannan bindigogi suka sauko daga jikin bango suka koma kafaɗar 'yan sintiri. Daga nan zancen rajista ya taso: a san wa ke da me.

Doka ta daɗe da tanadinta. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Akwai na farauta irin mai baki biyu, a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na toka, da aka bar wa kwamishinan 'yan sandan jiha. A takarda ke nan. A aikace kuwa, a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce an dakatar da ba da lasisi saboda makamai sun yi yawa a hannun jama'a. Shekara guda kafin nan gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce wa mutane su nemi lasisi su kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Talaka na tsakiya, gaba kura baya siyaki: in ya riƙe ba takarda ya yi laifi, in ya je neman takarda taga a rufe, in ya ajiye kuma dare na zuwa.

Ban ɗauki masu son rajista a matsayin maƙiya ba, don ina ganin gaskiyarsu. Cibiyar binciken ƙananan makamai ta Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya, ninki goma na abin da ke hannun soja da 'yan sanda. Bindigar da aka ɗauka don ɓarawo ita ce gobe ake ɗagawa a rikicin iyakar gona, ko a faɗan manoma da makiyaya irin wanda ake fama da shi a fadamun Guri da Kirikasamma. Zamfara ta nuna mana yadda 'yan sa-kai da ba mai tsawata musu suka riƙa kashe mutane a kasuwa bisa zargi, wutar da aka ce su kashe suka ƙara mata itace. Garin da ba a san wa ke riƙe da makami ba, ba gari ba ne.

Amma a duba abin da takardar take. Jerin gidajen da ke da bindiga, in ka juya shi, jerin gidajen da ba su da ita ne. Ɓarawon daji ba abin da yake nema kamar wannan: ƙauye kaza bindiga bakwai, biyar na toka, ga sunayen masu su, ga lambobin wayarsu, ga hotunansu. Sanannen abu ne cewa 'yan sintiri suke fara farauta. Idan bayanan minista sun sayu a naira ɗari, nawa za a sayar da na baffana? Sannan wanda zai riƙe littafin, yaya ya yi da nasa? Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai da harsasai 178,459 sun yi ɓatan dabo daga ma'ajiyar 'yan sanda, ciki har da AK-47 guda 88,078. Waɗannan kowace da lambarta, kowace an shigar da ita littafi. Ita kuwa bindigar da ke kashe mu ba za ta taɓa zuwa layin rajista ba. Duk ranar da aka ce a tattara makamai, gidan da aka rubuta za a fara ƙwanƙwasawa, don shi ke da adireshi.

Ƙasashen da suka fi mu tsari ma sun sha wannan ruwan. A Amurka, dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga ta ƙasa baki ɗaya, har ta kai cibiyar bin sawun makamai da ke jihar West Virginia ba a yarda ta mayar da takardunta rumbun da za a buga suna a nemo mutum ba. Su tsoronsu kada gwamnati ta ƙwace, kuma sun wuce gona da iri, yawan harbe-harben makarantunsu ya isa shaida. Amma fargabar fallasa ba ƙarya suka yi ba. A Disambar 2012 wata jarida a jihar New York ta buga taswira mai ɗauke da sunaye da gidajen masu lasisin bindiga. A 2022 ma'aikatar shari'a ta California ta saki bayanan mutum kusan 190,000 bisa kuskure. A Ingila, a 2021, aka sace bayanan mutum sama da 100,000 daga wani shafin cinikin bindigogi, aka baza su a intanet, manoma suka kwana da ido ɗaya. Har katin banki ya shiga rigimar: a 2022 aka ware wa shagunan bindiga lamba ta musamman don a riƙa gane cinikinsu, hayaniya ta sa kamfanonin katin Visa da Mastercard suka dakatar da aiki da ita a 2023. Kanada kuwa ta kashe sama da dalarta biliyan ɗaya a rajistar dogayen bindigogi, ta soke ta a 2012.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa: littafi ya fi gwamnati tsawon rai. Da Taliban suka karɓi Kabul a 2021, sun tarar da na'urorin ɗaukar yatsa da ƙwayar ido da sojojin Amurka suka bari, sai mutanen da suka yi wa tsohuwar gwamnati aiki suka shiga ɓuya. Wanda ka amince wa yau ba shi zai gaji kujerar ba.

Ba a ce ba mu da kariya a doka ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin mutum da gidansa da wayarsa. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ta sa zanen yatsa da fuska cikin bayanai masu tsananin muhimmanci, ta ba ka ikon tambayar abin da aka ajiye a kanka da neman a gyara, ta wajabta a sanar da hukuma cikin awa 72 in bayanai sun zube, ta sa tarar da kan kai kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfani a shekara. Dokar ta yi kyau, kuma an fara cin bankuna da kamfanoni tara. Sai dai ta sassauta wa hukumomi a duk abin da aka kira tsaron ƙasa ko binciken laifi, rajistar bindiga kuwa a nan za ta faɗa. Ƙorafi kuma da Turanci ake cike shi, a intanet. Innata da ke neman wanda zai karanta mata saƙon waya, ta ina za ta fara?

Ni a ganina a san masu bindiga, amma a san su kusa. Sarkin baka da dagaci da baturen 'yan sandan yanki su riƙe sunayen, kada a ɗinke su da NIN da layin waya a tura rumbun da dubban 'yan kwangila ke da mabuɗinsa. Kada wani ya ce na manta halin wasu masu rawani. A 2022 gwamnatin Zamfara ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin hulɗa da 'yan bindiga. To amma ai da yake an san su ne aka iya tuɓe su. Wanda ya sayar da bayananka daga bayan kwamfuta ba shi da rawanin da za a warware. In kuwa dole sai an haɗa komai wuri guda, to a yi irin na Estoniya, inda ɗan ƙasa kan buɗe ya ga jami'in da ya leƙa bayanansa da ranar da ya leƙa, kuma leƙe ba dalili laifi ne da ake hukuntawa. A fara da wannan kafin a zo da fom.

Na kai wa baffa zancen wata yamma, yana zaune a kan buzu a zaure yana shafa wa bindigar man gyaɗa da tsumma. Na ce, "Baffa, in aka ce a kawo a rubuta, za ka kai?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗana, sarkin baka ya san da ita, dagaci ya san da ita, uban dagacin ma a gabansa aka fara buga ta. In na Abuja na son sunana, ya aiko min da nasa tukuna, da sunan mahaifinsa da garinsu." Ya hura bakin bindigar, ya kanne ido ɗaya ya leƙa cikinta ta wajen haske, sannan ya jingine ta bayan ƙyaure ya ce in miƙo masa buta, Magariba ta yi.